Bakin Tabawa a Gaban Majalisa

A wani daji da ke tsakanin kogi da duwatsu, akwai kasuwar da ke ci a gindin wata tsohuwar kuka. Dabbobi da tsuntsaye ke cinta, kuma bisa al'adar da suka gada, ranar kasuwa ba mai cin wani. Kura ma sai ta biya kafin ta lasa. Kasuwar tana da majalisa, majalisar tana da shugaba, wato Gauraka, wanda tukkun kansa ya ci masa zaɓe.

Wata shekara ciniki ya ja baya, majalisa ta zauna neman dalili. Ba ta ga laifin harajin da ta ƙara ba, ba ta ga na hanyar da ruwa ya cinye ba. Abin da ta gano shi ne, baƙi kan shigo su yi arba da fuskokin da ba sa sa mai saye ya kwance jakarsa. Aka yi doka: rumfunan gaba na masu kyan gani ne, sauran su koma baya kusa da juji. Ba a daɗe ba sai ga wani Burgu ya dawo daga zaman birni, ya buɗe rumfa, ya ce shi wanzami ne, amma ba na aski ba, na gyaran halitta. Yana rage kunne, yana dasa tukku, yana goge baki. Masu lura suka ce ruwa ba ya tsami banza, domin Burgu da Gauraka goro ɗaya suke rabawa. Sai dai masu lurar a bayan kasuwa suke, ba a jin muryarsu daga gaba.

Cikin waɗanda doka ta mayar baya har da Tabawa, matar wani cilakowa mai suna Nomau. Fara da shinge, wato gara mai fiffike, take sayarwa, da tsutsar itace mai ƙiba wadda take zaƙulowa daga tsagar da ba bakin da ke kaiwa sai nata. Kowace cilakowa baki gare ta, amma na Tabawa ya yi fice: dogo, lanƙwasasshe, ga 'yar ɓantara a tsininsa da ke maƙale mata a gashi in tana gyara fukafuki. Nomau bai taɓa ɗaukar bakin nan abin magana ba. A wajensa baki baki ne, abin ci da abin faɗa.

Ran nan da la'asar sun dawo daga kasuwa, suna hutawa a reshen marken da suke zaune, sai ta ce, "Maigida, na je wajen Burgu."

"Sayen me?"

"Tambaya na je yi. Ya ce zai iya rage mini baki ya dawo kamar na kurciya."

Nomau ya yi dariya, don ya zaci wasa ne. Da ya ga ba ta taya shi ba, sai ya yi abin da magidanta da yawa kan yi in an kawo musu maganar da ta fi ƙarfinsu, ya tambayi farashi.

"Rabin rumbu," in ji ta.

Rumbun nan kogo ne a jikin marken, inda suka tara busasshiyar fara da tsaba saboda bazara, lokacin da daji kan ƙone, ƙwaro ya yi wuyar gani. Tare suka tara shi, ba wanda ya fi wani gumi.

"Rabin rumbu, Tabawa? Ga bazara tafe. In muka ba Burgu rabi, mu ci me, iska? Kuma ma me ya same ki? Ai ke kyakkyawa ce."

Ta dube shi ta ce, "Da rumbu ka fara, sannan ka tuna ni kyakkyawa ce. Ka kuma faɗe ta kamar yadda ake ce wa majinyaci ya jiki."

Ta yi masa abinci, ta amsa gaisuwa, amma gidan ya yi irin shirun da ya fi faɗa nauyi.

Nomau ba mugun miji ba ne, mai gaggawa ne kawai. Ya ce gani ya kori ji, bari ya je ya ga waɗanda suka bi ta hannun Burgu. Ya fara da wata zabuwa, Ige, wadda aka dasa wa tukku. Ya same ta a rumfar gaba tana auna gero. Da ya tambaye ta, ba ta ɓoye masa komai ba.

"Ni dai ban yi da-na-sani ba," in ji ta. "Tun ina 'yar tsako nake jin tsakar kaina kamar ana nuna ta da yatsa. Na sha wuya, kai ya kumbura, na yi kwanaki ban san inda nake ba. Amma yanzu nakan shiga taro ba tare da neman bango ba. Kana iya cewa aikin banza ne. Ni na san kayan da na sauke."

Daga can ya nufi wajen wani yanyawa, Jatau, wanda aka rage wa kunnuwa. Shi ma yana gaba, amma rumfarsa ba kaya sosai, domin da kunnen yake jiyo motsin ƙwaro a ƙarƙashin yashi.

"Jatau, ka ji daɗin aikin?"

"Me ka ce?"

Nomau ya ɗaga murya ya sake tambaya.

"Aiki ya yi kyau," in ji Jatau. "Sai dai da aka rage kunnuwan na gane ashe hancin ne ya yi tsawo. Shi nake tara wa yanzu. In an gama da shi sai in duba wutsiya."

Nomau ya fito kansa ya fi ɗazu ɗaurewa. Ya so a ce duk sun yi nadama, da maganarsa ta yi sauƙi. Ya wuce rumfar Burgu. Ya tarar da shi da kumatunsa buhu-buhu da wutsiyarsa mara gashi, ba abin da aka taɓa a jikinsa. Dama wanzami ba ya son jarfa.

Burgu ya ce, "Ni ba na kiran kowa, su ke zuwa. Kuma ba na ɓoye gaskiya. Baki in an rage shi ba ya tsirowa. Za ta jima ba ta cin abu mai tauri, sai an ba ta. Tsaga mai zurfi kuwa ta yi sallama da ita. Amma za ta zauna a gaba, za ta ɗaga kai. Kai ka san nawa ne kuɗin ɗaga kai?" Ya ƙura wa bakin Nomau ido. "In ku biyu ne akwai rangwame."

A hanyar gida Nomau ya tsaya shan ruwa a wani kududdufi. Ya sha, amma bai tashi ba. Ya juya kai dama, ya juya hagu, yana kallon bakin da ya yi shekaru yana ɗauke da shi ba tare da ya gan shi ba. Sai ya ga kamar ya fi jiya tsawo. Abin ya ba shi tsoro. Ya ce a ransa, kallo ɗaya ke nan aka yi masa, to ina ga wadda ake yi wa kullum.

Da ya koma gida da wannan tunanin ya zauna kusa da matarsa, da labarin ya gajarta. Amma ya ga tsayuwa gaban majalisa ta fi masa sauƙi bisa ga hira da mace mai shiru. Ranar kasuwa, ba tare da ya gaya mata ba, ya kai ƙara.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Gauraka, "Burgu zai raba ni da rumbuna, ya raba matata da bakinta. Ina roƙon a rufe rumfarsa."

Kasuwa ta taru, domin ba abin da ke tara jama'a kamar maganar gidan wani. Ungulu ce ta fara miƙewa. Ita ce mai kula da tarbiyya a majalisar, kuma ungulu ba ta jewar banza: ta taɓa zuwa neman tukku Burgu ya ce fatar kanta ba ta riƙe dashe.

"Jama'a," in ji ta, "zamani ya lalace. Iyayenmu da kakanninmu yadda aka halicce su haka suka koma. Ku dube ni. Na taɓa neman a rufe mini wannan kai? Haƙuri na yi, kuma haƙurin nan shi ne adona. Matan yanzu ba su da aiki sai leƙa ruwa. Wadda ta raina bakinta gobe mijinta za ta raina. Garin gyaran gira ake rasa ido. Ni a ganina a kori Burgu, ita kuma a yi mata faɗa a bainar jama'a don 'yan baya su ɗauki darasi."

Aka yi guna-gunin yarda. Sai Hawainiya ya tako a hankali. Ya dubi jama'a da ido ɗaya, ya dubi Gauraka da ɗayan.

"Uwa Ungulu ta yi gaskiya," ya ce, "halitta abin girmamawa ce, ba wanda ya kai ni faɗin haka. Amma kuma mu duba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Burgu baƙonmu ne, yana biyan haraji, kuma tun zuwansa gaban kasuwa ya yi haske. Shin za mu hana mace ta ci gaba? Ba za mu hana ba. Shin za mu bar ta ta lalace? Ba za mu bari ba. Saboda haka ina goyon bayan a rufe rumfar, muddin rufewar ba za ta hana ta zama a buɗe ba. Wannan ita ce matsayata, kuma a kanta zan mutu."

Aka tafa masa daga ɓangarorin biyu. Gauraka ya gyara tukkunsa ya ce ba a shari'a a kan abin da ba a gani ba, a kawo bakin.

Aka je bayan kasuwa aka taso Tabawa daga kan kayanta. Ta iso ba ta san abin da ake ciki ba, sai ta ga an buɗe mata fili, ido ya yi mata ca. Wani ya kawo kara aka gwada a bakinta. Wasu suka ce lallai ya yi yawa, wasu suka ce da dai an rage kaɗan, wata daga baya ta ce ba tsawon ba ne matsalar, lanƙwasar ce. Nomau na tsaye a gefe. A lokacin ya ga abin da ya yi: ya ɗauko ciwon da matarsa ta nuna masa shi kaɗai a kan reshe, ya shanya shi a tsakar kasuwa. Ya so ƙasa ta tsage.

Tabawa ta jira aka gama awo, sannan ta nemi izinin magana.

"Ranka ya daɗe, na gode da aka tuna da ni. Tun da aka kai mu bayan juji ba wanda ya zo ya tambayi yadda muke, sai yau. Na ji an ce a yi mini faɗa, na ji an ce a bar ni in ci gaba. Ban ji wanda ya ce a tambaye ni ba. Ku kuka ce fuskata ba ta dace da gaban kasuwa ba, na ɗauki kayana na koma baya ban ce uffan ba. Da na ce to bari in gyara fuskar, kuka ce na raina halitta. In na bar shi ni mummuna ce, in na rage shi ni mara godiya ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bakin nan ni nake kwana da shi, ni nake tashi da shi. Ban kawo shi ƙara ba, ban kuma ba kowa aronsa ba. In an gama da shi, zan koma, na bar kayana a rana."

Ta juya ta tafi. Gauraka ya yi gyaran murya ya ce majalisa ta ji koken kowa. Hukuncinta shi ne, Burgu zai ci gaba da aiki amma a ƙara masa haraji, domin a nuna ba a ji daɗi ba. Sannan an kafa kwamiti a ƙarƙashin Hawainiya da zai fitar da tsawon bakin da ya dace da dajin. Dokar rumfuna kuwa ba a taɓa ta ba, don ba ita aka kawo ƙara ba.

Washegari da hantsi Nomau ya buɗe rumbu, ya kasa abin ciki biyu, ya ɗaure kaso ɗaya. Tabawa na kallonsa.

"Na yi miki laifi jiya," ya ce. "Ba ni da abin kare kaina. Wannan rabin dama naki ne, guminki ne, ba kyauta nake miki ba. In za ki wajen Burgu ni zan ɗauki kayan, in kin dawo ni zan riƙa ba ki abinci har ki warke. Bazara kuwa ma ci abin da ya samu."

Ya zauna nesa kaɗan da ita.

Al'adar cilakowa ce in mace za ta yi kwanci, a liƙe ta cikin kogon itace da laka, a bar 'yar tsaga, miji ya riƙa miƙa mata abinci ta nan har 'ya'ya su yi ƙwari. Nomau ya ce, "Kin tuna daminar da kika yi kwanci? Duk tsawon lokacin ban ga idonki ba, ban ga fukafukinki ba. Bakin nan kaɗai nake gani. In na dawo daga nesa a gajiye na hango shi ya leƙo ta tsaga, sai in san kina raye, yara na raye. Ban faɗa don in hana ki ba. Na faɗa ne don ki san abin da nake gani in na dube shi. Abin da ke kike gani kuwa ban taɓa tambaya ba."

Ta ce, "Lauje."

"Lauje?"

"Sunan da ake kirana da shi ke nan tun ina ƙarama. 'Yan'uwana suka fara, unguwa ta ɗauka. Innarmu takan yi dariya ta ce wasa ne. Na girma, na yi aure, na zaci na baro sunan a can. Ranar da aka karanta dokar nan, na ɗauki kayana ina ratsa kasuwa, sai na ji shi a kunnena kamar jiya, alhali ba wanda ya faɗa. In na leƙa ruwa ba baki nake gani ba, Maigida, yarinyar nan nake gani ana mata dariya." Ta share ido da fiffike. "Maganarka ta yi mini daɗi. Amma kada ka zaci ta warkar da ni. Ba da idonka nake kallo ba."

"Na sani," in ji shi. Wannan karon bai ƙara da cewa ita kyakkyawa ce ba, kuma ta lura.

Tare suka je. Burgu ya ɗauko gawayi ya ja layi a bakinta, daidai inda zai yanke, ya shiga wasa haƙora. Tabawa ta ce ya dakata. Ta ce a bar mata layin ta zauna da shi har kasuwa ta ci sau biyu, tunda abin da za a cire ba ya dawowa. Burgu bai so ba, amma kayan na kan Nomau, ba a sauke ba tukuna.

Haka ta yi ta yawo da zanen gawayi a baki. Nomau bai ce mata komai a kai ba, ko da yake shirun ya fi masa ɗaukar kaya wuya. Ita kuwa ta shiga lura. In ta zura baki a tsaga, sai ta ga tsutsar tana can gaba da layi. In za ta soso tsakiyar bayanta, da abin da ke gaba da layi take kaiwa. In Nomau ya miƙo wuya ta gyara masa gashi kamar yadda suka saba, nan ma haka. Wani lokacin kuma ta leƙa ruwa ta kare tsinin da ganye, ta ga fuskar da za ta samu, ta ji tana sonta ƙwarai. Ba ta ɓoye masa wannan ba, shi ma bai ɓata rai ba.

A kasuwa kuwa layin ya zama abin magana. Waɗanda da suke dariyar tsawon bakin, su ne suka koma dariyar za ta rage shi. Ta ji wata na cewa, "Wai cilakowa ce ke son zama kurciya." Ta tsaya da mudu a hannu, ta ji abin ya soke ta a wurin da ya saba sukarta. Sai kuma ta ji dariya ta taso mata. Da yamma ta ce wa mijinta, "Ashe ko na yanke, ko na bari, ba za su rasa abin faɗa ba. Bakin da ke damuna ba wannan ba ne, kuma Burgu ba shi da haƙorin da zai goge wancan."

Da ranar ta zo ta koma rumfar Burgu, Nomau na biye da kaya. Ta ce a goge mata 'yar ɓantarar nan da ke maƙale mata a gashi, a daidaita tsinin, shi ke nan. Burgu ya yi ta kawo misalai, ya ce wanda ya shiga kogi ba ya wanke ƙafa kaɗai. Ta ce ita ƙafar ta zo wankewa. Ya yi aikin, ya yi shi da kyau, don gwani ne ba laifi, ya karɓi abin da bai taka kara ya karya ba. Ta leƙa ruwa ta ga tsinin ya yi sumul, ta ji daɗi ƙwarai, ba ta kuma ji kunyar jin daɗin ba.

A hanya ta ce, "Sauran na bar shi, bana dai. In baɗi na ga dama na dawo, kai za ka ɗauko kayan."

"Ni zan ɗauko," in ji Nomau.

Ba a ce daga ranar ta daina jin ciwon ba. Akwai safiyar da takan tashi ba ta son haɗa ido da ruwa. A irin wannan safiya Nomau ya koyi zama kusa da ita ya yi shiru, in ta so magana ya saurara. Irin safiyar nan dai ta riƙa raguwa. Bazara ta zo da zafinta ta same su da abin ci, har suka sam wa Jatau, wanda ya fara shakkar ko hancin ne da laifi. Masu saye kuma, da yake ciki ba ya kallon fuska, suka riƙa ratsa rumfunan gaba suna gaisawa, su zarce baya inda kaya suke. Ige ma, da tukkunta da komai, ta kwaso geronta ta dawo kusa da Tabawa, ta ce can gaba an cika shiru.

Kwamitin Hawainiya kuwa har yau yana zama. An ce an samu karan awo mai kyau, ba a dai samu ɗan majalisar da zai yarda a fara da shi ba.